William Steinway: Attajirin fiyano da gidan mawaƙan Jamusawa na New York

A farkon watan Disamba na shekarar 1896 aka yi jana'izar William Steinway a babban zauren wani gini da ke titi na 58, a gabashin tsibirin Manhattan na birnin New York. Ginin na ƙungiyar Liederkranz ne, wato ƙungiyar mawaƙa ta Jamusawa mazauna birnin, kuma mamacin shi ne ya tsaya tsayin daka har aka gina shi shekara goma sha biyar kafin wannan rana. Wanda ya yi jawabin ta'aziyya shi ne Carl Schurz, tsohon ɗan tawayen Jamus da ya zama janar, sanata, kuma ministan harkokin cikin gida a Amurka. Daga nan aka ɗauki gawar zuwa maƙabartar Green-Wood da ke Brooklyn. Duniya ta san sunan Steinway ne a jikin fiyano, kayan kiɗan nan na Turawa da ake dannawa da yatsu. Amma a wurin Jamusawan New York na wancan zamani, William jagora ne na al'umma kafin ya zama komai, kuma wannan zaure shi ne fadarsa.

An haife shi ranar 5 ga Maris, 1835, a garin Seesen da ke yankin Braunschweig, aka raɗa masa suna Wilhelm Steinweg. Mahaifinsa, Heinrich Engelhard Steinweg, kafinta ne da ya rikiɗe ya zama maƙerin kayan kiɗa, kuma a ɗakin girkin gidansa ya harhaɗa babban fiyanonsa na farko a 1836. Sana'ar tana tafiya daidai gwargwado, sai dai kasuwar ƙaramin gari ba ta da faɗi, ga haraji tsakanin ƙananan masarautun Jamus, ga kuma tarzomar juyin juya hali ta 1848 da ta durƙusar da ciniki. A 1849 aka tura ɗaya daga cikin 'ya'yan, Charles, ya je ya duba yadda Amurka take. Shekarar da ta biyo baya iyalin suka bi shi, ban da babban ɗa, Theodor, wanda ya tsaya yana riƙe da sana'ar a gida.

Abin da suka yi da isarsu ya cancanci a lura da shi. Ba su yi gaggawar buɗe shago ba. Uban da 'ya'yansa suka watsu cikin masana'antun fiyano na wasu, suka yi ƙwadago kusan shekara uku suna karɓar lada, suna kallon irin itacen da ake amfani da shi, da irin abin da masu saye suke so, da yadda ake biyan bashi da yadda ake cin sa. Wilhelm, wanda bai wuce shekara goma sha biyar ba, ya shiga koyon aiki a wurin wani maƙeri mai suna William Nunns. Kamfanin ya karye yana riƙe da haƙƙin yaron. Ya fita da darasi maimakon kuɗi.

Ranar 5 ga Maris, 1853, ranar da ya cika shekara goma sha takwas, aka kafa kamfanin Steinway & Sons a wani ɗakin haya da ke titin Varick. Sun sauya sunan iyali ya dace da bakin Turawan Amurka, Steinweg ya koma Steinway, Wilhelm ya koma William. Fiyanon farko da suka ƙera suka ba shi lamba 483, domin uban ya riga ya yi 482 a Jamus, aka sayar da shi kan dala 500. Bayan shekara biyu suka ci lambar zinariya a wani baje koli na New York, kuma zuwa 1860 sun gina katafariyar masana'anta a kan hanyar da yanzu ake kira Park Avenue, tsakanin titi na 52 da na 53.

Kowa a gidan yana da fagensa. Henry ƙarami shi ne mai basirar ƙira, kuma shi ya sami takardar mallakar fasaha a 1859 kan dabarar ɗora tsirkiyoyin murya mai kauri a gicciye bisa sauran, abin da ya ƙara wa babban fiyano ƙarfin amo. Uban bai taɓa gwanancewa da Ingilishi ba. William kuwa harshen ya zauna masa, yana da saurin sabo da mutane, ga iya lissafi. Saboda haka tun yana saurayi aka ɗauke shi daga teburin sassaƙa aka ajiye shi a kan littafin kuɗi da kasuwa.

Yana kuma da murya. Wannan ce ta kai shi Liederkranz.

Domin a fahimci matsayin ƙungiyar, sai an tuna yadda New York take a tsakiyar ƙarni na 19. Jamusawa sun kwarara cikin birnin har ana lissafa shi na uku a yawan masu jin Jamusanci bayan Berlin da Vienna. Unguwarsu a kudu maso gabashin Manhattan ana ce mata Kleindeutschland, wato ƙaramar Jamus, tana da jaridunta da majami'unta da gidajen wasanta. Baƙon da ya sauka daga jirgin ruwa ba shi da gwamnatin da za ta kula da shi, don haka ƙungiya ce gatansa: akwai ta masu motsa jiki, akwai ta maharba, akwai ta taimakon juna a lokacin ciwo ko rasuwa, akwai ta waƙa. A ranar 9 ga Janairu, 1847, mutum ashirin da biyar suka kafa Liederkranz, kalmar da ke nufin rawanin furanni na waƙoƙi, domin su riƙa haɗuwa suna rera waƙoƙin gida da muryoyi daban-daban. Kamar yadda aka saba a irin waɗannan ƙungiyoyi, saɓani bai daɗe bai kunno kai ba, a 1854 wasu suka ɓalle suka kafa tasu mai suna Arion, kishiyar da ta zauna musu a wuya shekaru da dama.

William ya shiga yana matashi, yana rera waƙa da siririyar muryar maza. A 1867 aka fara zaɓensa shugaba, kuma daga nan har mutuwarsa yana hawa yana sauka a kan kujerar. Babu laifi a faɗi gaskiya cewa ƙauna da riba sun haɗu a nan. Mutanen da ke zama a teburin ƙungiyar su ne masu gidajen yin giya, da masu bankuna, da lauyoyi, da editocin jaridun Jamusanci, kuma kowane ɗayansu yana da 'ya mace da ake son ta koyi fiyano. Amma wanda ya duba yawan dararen da ya kashe a wurin gwajin waƙa da taron kwamiti zai gane cewa lissafin ciniki kaɗai ba zai zaunar da mutum haka ba.

An san waɗannan darare ne saboda wata ɗabi'a tasa. Ranar 20 ga Afrilu, 1861, saura kwana uku aurensa da Regina Roos, kuma kwanaki kaɗan da ɓarkewar yaƙin basasar Amurka, ya fara rubuta abin da ya faru da shi a kowace rana. Bai daina ba sai makonni uku kafin ajalinsa. Kundin ya kai littafi tara, shafi kusan 2,500, cikin Ingilishi da ɗan gaurayen Jamusanci, kuma yau yana hannun gidan tarihi na Smithsonian a Washington. A ciki akwai farashin katako da yanayin sama, da wanda ya ci a wasan karta, da ciwon gaɓoɓin da ya addabe shi tsawon rayuwa, duk a jere da manyan al'amuran ƙasa.

Ɗaya daga cikin waɗannan al'amura ya zo har ƙofar masana'anta. A watan Yuli na 1863 talakawan New York suka yi bore kan dokar tilasta shiga soja, wadda ta ba mai hali damar biyan dala 300 ya tsira. An yi kwanaki ana ƙone-ƙone da kisa, baƙaƙen fata suka fi kowa shan azaba. Da gungun masu boren suka iso masana'antar Steinway, 'yan gidan suka fito tare da wani limamin Katolika, aka lallashi jagororin, aka damƙa musu kuɗi, suka wuce.

Shekarar 1865 ta fi wannan muni. A cikin watan Maris ɗaya Henry ƙarami da Charles suka rasu. Uban ya tsufa. Nauyin gida ya faɗo kan William yana da shekara talatin, kuma abin da ya fara yi shi ne matsa wa Theodor ya sayar da kasuwancinsa na Jamus ya zo New York. Theodor ya zo ba da son ransa ba, bai kuma taɓa jin daɗin Amurka ba, amma shi ne ya ci gaba da gyaran ƙirar har fiyano ya ɗauki siffar da aka san shi da ita yanzu. Rabon aikin ya fito sarai: wa yana ƙerawa, ƙane yana sayarwa.

Yadda ya sayar ɗin shi ne abin da 'yan kasuwa suka fi tunawa. A 1866 ya buɗe zauren kiɗa na Steinway Hall a titi na 14, mai ɗaukar mutum kusan dubu biyu. An tsara ginin ta yadda duk mai zuwa sauraron kiɗa sai ya ratsa ɗakunan da aka baje fiyano kafin ya kai kujerarsa. Ƙungiyar makaɗa ta New York Philharmonic ta mayar da wurin gidanta shekaru masu yawa, kuma marubucin Ingila Charles Dickens ya yi karatun littattafansa a nan a 1867. Sannan William ya gane cewa shaidar gwani ta fi kowace talla. A 1872 ya ɗauki nauyin kawo shahararren makaɗin Rasha, Anton Rubinstein, wanda ya yi wasa 215 a cikin kwana 239 a faɗin Amurka, kowane wasa a kan fiyanon Steinway. A 1891 ya maimaita dabarar da Ignacy Paderewski, mutumin da daga baya ya zama firaministan Poland.

Gasar ba ta da tsabta koyaushe. A baje kolin Paris na 1867 Steinway da abokin hamayyarsa Chickering na Boston duk sun sami lambar zinariya, sai kowa ya cika jaridu da iƙirarin shi ne na ɗaya. A baje kolin Philadelphia na 1876 abin ya ƙazanta, aka yi ta jifan juna da zargin sayen alƙalai, kuma babu babban kamfanin da ya fita da rigarsa fara tas.

Wannan shekarar ta 1876 ita ce aka yi wa kamfanin rajista a hukumance, William ya zama shugabansa na farko. Ita ce kuma shekarar da aurensa ya mutu, bayan ya tabbatar matarsa ta daɗe tana cin amanarsa. Regina ta tafi Turai da ƙaramin yaron, manyan biyu, George da Paula, suka zauna tare da ubansu. A 1880 ya auri Elizabeth Ranft, wadda ta haifa masa wasu 'ya'yan, ciki har da Theodore da ya shugabanci kamfanin daga baya. Ita ma ta riga shi rasuwa a 1893.

Dangantakarsa da ma'aikata tana da fuska biyu, kuma duka biyun gaskiya ne. Galibinsu Jamusawa ne 'yan uwansa, ƙwararru, masu ƙungiya mai ƙarfi. Lokacin da ma'aikatan New York suka shiga yajin aiki a 1872 suna neman a mayar da aikin yini awa takwas, William ne ya haɗa kan masu masana'antu har aka karya yajin. Tun 1870 ya fara sayen fili a Astoria, a tsallaken Kogin Gabas, har ya tara kimanin eka 400. Ya gina maƙera da injin yanka katako da tashar jirgin ruwa, ya gina gidajen bulo ga ma'aikata, da makarantar yara ƙanana, da ɗakin karatu na kyauta, da hanyar taragon da dawaki ke ja, ya kuma biya malamin da zai koya wa yara Jamusanci da kiɗa. Bai ɓoye ɗaya dalilin ba: a gaban wani kwamitin majalisar dattawa a 1883 ya bayyana cewa yana so ne ya raba ma'aikatansa da masu tunzura su a cikin birni. Alherin na gaske ne, amma mai gidan haya shi ne mai biyan albashi. A 1880 kuma aka buɗe masana'anta ta biyu a Hamburg, wadda ta kusantar da kamfanin ga kasuwar Turai, ta kuma rage wa ma'aikatan New York ƙarfin ciniki.

A tsakiyar wannan hada-hada ne maganar sabon gidan Liederkranz ta taso. Ƙungiyar ta daɗe tana zaune a titi na 4, cikin tsohuwar unguwar Jamusawa. Amma mambobinta sun yi arziki, sun fara ƙaura zuwa arewacin Manhattan, kuma tsohon gidan ya yi musu kaɗan. William ya jagoranci neman kuɗi, ya sa nasa, ya bi abokansa ɗaya bayan ɗaya. A 1881 aka aza harsashi a lamba 111 zuwa 119 na titi na 58 ta gabas, a shekarar da ta biyo baya aka tare. Gini ne na ƙasaita, mai ɗakunan cin abinci da na taro da na gwajin waƙa, a samansa kuma babban zaure mai katako a ƙasa da dogon rufi, wanda murya ke cika shi ba tare da ta ɓace ba.

Ginin ya faɗi wani abu da jawabi ba zai faɗa ba. Mutanen da suka sauka daga jirgi da akwatin katako shekara talatin da suka wuce, yanzu sun kafa tutarsu a unguwar masu hannu da shuni, kuma sun yi hakan da harshensu. Ra'ayin William da tsararsa shi ne mutum zai iya zama cikakken Ba'amurke a rumfar zaɓe da kasuwa, ya kuma ci gaba da zama Bajamushe a teburin cin abinci da fagen waƙa. Bukukuwan ƙungiyar suka zama abin da manyan birni ke neman katin gayyatarsa. Sunan ya yi tashe har wani maƙerin cuku a jihar New York ya sa wa sabon cukunsa Liederkranz a 1891.

Daga nan harkokin William suka yaɗu fiye da ƙima. Ɗan jam'iyyar Democrat ne, aminin Shugaba Grover Cleveland, wanda ya ba shi kyautar fiyano lokacin aurensa a 1886. A wannan shekarar shi da attajirin giya George Ehret suka buɗe wurin shaƙatawa a bakin ruwa a North Beach, filin da yau tashar jirgin sama ta LaGuardia take. A 1888 ya ƙulla yarjejeniya da Gottlieb Daimler ya kafa kamfanin ƙera injunansa a Amurka, tun mota ba ta zama abin hawa na kowa ba, aka fi amfani da injunan a ƙananan jiragen ruwa. A 1891 aka naɗa shi shugaban hukumar da za ta tsara wa New York jirgin ƙasa mai sauri, inda ya goyi bayan a bi ta ƙarƙashin ƙasa. Ya kuma zuba kuɗi a haƙa hanya ta ƙarƙashin Kogin Gabas domin haɗa filayensa da Manhattan. A ƙarshen Disamba na 1892 nakiyar masu aikin ta tashi ta kashe mutum biyar, ƙararrakin diyya suka biyo baya, aikin ya tsaya.

Sai ga karayar tattalin arziki ta 1893. Fiyano yana cikin abubuwan farko da iyali ke fasa saye idan aljihu ya yi sanyi. Filayen Astoria suka ƙi sayuwa, kamfanin Daimler yana cin kuɗi ba ya kawowa, bashi ya taru. A cikin gida ma ba lafiya: ɗan ɗan'uwansa, Henry W. T. Steinway, ya kai shi kotu yana zargin ana karkatar da dukiyar kamfani zuwa harkokin da ba na fiyano ba. 'Yan uwansa maza duk sun riga sun mutu, Albert a 1877, Theodor a 1889. Ciwon gaɓoɓi yakan kwantar da shi makonni. Duk da haka bai bar zuwa titi na 58 ba, kuma yana cikin masu shirin bikin cikar ƙungiyar shekara hamsin, wanda za a yi a Janairu na 1897. Zazzaɓin taifot ya kama shi a watan Nuwamba, ya rasu ranar 30 ga watan, 1896, yana da shekara sittin da ɗaya.

Da aka buɗe littattafansa aka tarar dukiyar da ake zato ba ta kai yadda ake faɗa ba, domin bashi ya ci mafi yawanta. Magadan sun yi yunƙurin sayar da kamfanin ga masu zuba jari na Landan, cinikin bai faɗa ba, kuma wannan gazawar ce ta bar shi a hannun iyali har wasu shekara saba'in da biyar. Abubuwan da suka karya shi kuwa sun tabbata bayan ransa. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na New York ya fara aiki a 1904. Hanyar ƙarƙashin kogin, wadda August Belmont ƙarami ya kammala, ta fara ɗaukar fasinja a 1915, kuma har yau da sunan Steinway ake kiran ta.

Abin da bai tabbata ba shi ne mafarkin zama Bajamushe da Ba'amurke a lokaci guda. A watan Yuni na 1904 jirgin ruwan General Slocum ya kama da wuta a Kogin Gabas, fiye da mutum dubu suka mutu, galibinsu mata da yaran tsohuwar unguwar Jamusawa, unguwar ba ta sake farfaɗowa ba. Da Amurka ta shiga yaƙi da Jamus a 1917, harshen Jamusanci ya zama abin tuhuma. Aka cire shi daga makarantu da dama, jaridu suka rufe, ƙungiyoyi suka sauya suna. Babban gidan Jamusawa na Indianapolis, Das Deutsche Haus, ya koma Athenaeum a 1918. Liederkranz ma ta mayar da sunanta da harshen harkokinta zuwa Ingilishi. Dokar haramta sayar da giya ta 1920 ta toshe wa irin waɗannan gidaje babbar hanyar samun kuɗi, jikokin waɗanda suka kafa su kuma ba su jin harshen waƙoƙin.

Kyawun amon zauren ne ya ƙara wa ginin kwana. Kamfanin faifai na Victor ya riƙa ɗaukar waƙoƙi a cikinsa, daga baya Columbia ta mayar da shi ɗaya daga cikin manyan ɗakunan ɗaukar sautinta, inda Frank Sinatra ya yi wasu daga cikin faya-fayensa na shekarun 1940. A 1949 ƙungiyar ta tattara ta koma wani ƙaramin gida a titi na 87 ta gabas, gidan talabijin na CBS kuma ya yayyanka babban zauren ya mayar da shi ɗakunan shirya shirye-shirye. Bayan wasu shekaru aka rushe ginin, aka kafa dogon benen ofisoshi a wurin. A 1972 jikan William, Henry Z. Steinway, ya sayar da kamfanin fiyanon, kuma mai sayen shi ne CBS.